Yashin da Yaya Lawali Ya Shimfiɗa

Bazarar bana ta zo wa Sabha da irin zafin da na daɗe ban gani ba. Gibli, iskar nan mai tasowa daga kudu, ta yi kwanaki tana busawa ba hutu, kamar an buɗe bakin tanda an manta ba a rufe ba. Ina zaune a ƙofar shagon kayan gini da nake gadi a unguwar Mahadiyya, in jiƙa rawani in ɗora a ka, kafin in juya ya bushe ƙamas. Famfon bayan shagon kuwa, tun shigowar zafi sau biyu a mako yake kawo ruwa. In zai kawo sai ya yi ta tari yana shaƙewa, sannan ya zubo wani abu ruwan ɗorawa mai ƙarnin tsatsa, wani lokacin har da wani warin da ba na son faɗin sunansa. Masu hali suna sayen ruwan tanka. Mu na ɗakunan haya mu tara a bido, wato jarka, mu bar shi ya kwanta, mu sha na sama.

A cikin kwanakin nan ne wani mutum ya tsaya da mota a gabana, ya fito yana kare fuska da takarda. Ya ce sunansa Abdussalam, muhandis ne, wato injiniyan ruwa. Ɗan garin nan ne, zai yi shekara arba'in da 'yan kai, yana jin Hausa irin ta kasuwa, wadda ya ce a bakin kakarsa ya tsinta. An ba shi aikin duba tsofaffin bututan unguwa, ya rubuta wanda zai ƙara jurewa da wanda ya riga ya mutu. Sai dai takardun da ke nuna inda aka binne su sun ɓace a shekarun rikici. A masallaci aka ce masa akwai wani tsoho ɗan Nijar da aka yi aikin da shi.

"Ammi Isufu," ya ce, don haka suke kiran babba a nan, "an ce kai ka sa bututu na layin nan. Ka tuna hanya nasa?"

Na ce na tuna. Ban gaya masa iyakar abin da na tuna ba.

Shekara arba'in ke nan, ko da 'yar ɗoriya. Mun fito ne bayan farin da ya cinye Damargu, shekarar da gero ya tsaya iyakar gwiwa ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa har aka daina fiɗe su. Ni da Yaya Lawali muka fito, ɗan wan mahaifina, wanda ya girme ni da wajen shekara goma. Maginin rumbu ne a gida. Mutum ne mai sanyin aiki da taurin kai. Ya taɓa rushe rumbun da ya kai rabi don ya ga tsaga kamar zare a gindinsa, mai rumbun na roƙonsa ya bari. Muka hau babbar mota daga Agadas, muka yi kwanakin Sahara da ba na son tunawa. Da farko a lambunan Samnu muka tsaya, muna ban ruwan dabino da albasa, har wani ya kawo labarin cewa wani kamfani na ɗaukar masu haƙa a Sabha.

Mahadiyya ta lokacin ba wannan ba ce. Daga gidan burodin unguwar in ka yi gaba, gidaje 'yan tsiraru ne, wasu ko rufi babu, sai fili da tudun yashin da iska ta tara. Mata na ɗebo ruwa a jarka daga wani famfo guda mai nisa. Mu goma sha biyu aka haɗa wuri ɗaya, yawancinmu 'yan Nijar, aka ba mu wani kango mai rufin kwano muna kwana. Shugaban aikin kowa Mu'allim yake ce masa, har muka rabu ban san sunansa ba.

Aikin yana da tsari, kuma Mu'allim ya koya mana shi tun ranar farko. A haƙa rami iyakar ƙirji. A shimfiɗa yashi mai tsabta, kaurin taƙi guda. A sauke bututun ƙarfen da igiya, mutum shida, a hankali, a haɗa bakinsa da na baya. Duk inda baƙin fentin jikinsa ya ƙuje wajen ja, a shafe da kwalta. A sake lulluɓe shi da yashi, sannan a mai da ƙasa. Ƙasar wurin ce ta sa ake wannan wahala. Yaya Lawali ya ɗebi kaɗan ya ɗora a harshe, ya tofar, ya ce mini wannan kanwa ce da gishiri, in ta taɓa ƙarfe tsirara ba za ta bar shi ba.

Muna cikin haka azumi ya kama, a tsakiyar zafi. Yanzu da azumi ke zuwa cikin sanyi, in na ba da labarin sai a ɗauka ƙari nake yi. Sahur burodin jiya ne da shayi, sai ruwa, mu yi ta ɗurawa har ciki ya yi tauri kamar ganga. Ana sallame asuba mu ɗauki diga da pelu, wato shebur. Farkon safiya aiki na tafiya, har da waƙa. Da hantsi ya ɗaga sai waƙar ta mutu. Ramin ba iska, bangonsa na mai da maka zafi ta kowane gefe, gishirin ƙasar na shiga duk inda fata ta tsage. Bututun da rana ta doka ba ya taɓuwa sai mun naɗe hannu da takardar buhun siminti. Kafin rana ta take tsaka Mu'allim ya busa usur, mu ja jiki zuwa inuwar wani bango, mu zube kamar buhuna har la'asar. Akwai duron ruwa kusa da mu. Mutum ya ɗebo ya zuba a ka, ya datse baki gam, ruwan na gangarowa ta kan leɓensa. Wannan datse bakin ya fi haƙan wuya.

Girki bi da bi muke yi. Wanda abin ya faɗo kansa ya bar rami da wuri, ya hura wuta da guntayen katakon gini, ya tsaya a kan tukunya da ƙishirwarsa. In an kira magariba, dabino uku-uku, sai ruwan duro mai ɗumi kamar an ɗora shi a murhu, sai taliya da tumatirin gwangwani da barkono a tukunya ɗaya, mu kewaye ta da cokula. Wasu ranakun wani gida ya aiko da shorba, miyar nan tasu mai na'ana'a, mu raba kurɓi-kurɓi. Ran Juma'a muke wanki. Rigunanmu sun sha gumi har in ka cire ka ajiye suna tsayawa da kansu, da farin zane a baya kamar an yi da alli. Labarin gida ba ya zuwa sai in wani ya iso daga can, kuma duk wanda ya iso abu ɗaya yake faɗa: an watse, an bar tsofaffi da mata.

Ran goma ga wata motar da ke kawo mana yashi ta daina zuwa. Wasu suka ce injinta ne, wasu suka ce direban ne ya tafi garinsu. Mu dai ba mu ƙara ganinta ba. Kwaltar ma ta koma gindin duro. A lokacin mun shiga layin gidan burodi, dogon layi ne da ya miƙe ya wuce masallaci. Mu'allim ya tara mu ya ce manyan kamfani za su zo kafin salla, kuma so suke su tarar da layin a rufe. In ba a rufe ba za a sallame mu duka a ɗauki wasu, ga masu jira nan a bakin titi. Ya ce mu sa bututu a ramin yadda yake, mu mai da ƙasa. Bai dubi kowa ba da yake faɗa. Ina jin shi ma matsa masa aka yi.

Ba wanda ya yi musu, kowa ya baro masu jiran abin da zai aiko. Da aka busa usur na hutu sai muka ga Yaya Lawali ya ɗauki buruwet, baron da muke tura kaya, ya nufi tudun yashin da ke bayan gidajen ƙarshe. Tafiya ce mai ɗan nisa ko ga wanda ya sha ruwa. Ya cika, ya turo, ya juye a ramin da za a sa wa bututu da yamma, ya baje da hannu, ya koma. Bayan la'asar kuma ya ɗaura tsumma a sanda yana kankare gindin duron kwalta, yana bin kowace ƙujewa. Ya ce in dai yana bakin rami, bututu ba zai sauka kan dutse ba.

Da farko dariya aka yi masa. Daga baya aka fara jin haushi, don yashin mutum ɗaya ba ya isar aikin mutum goma sha biyu, kullum sai mun tsaya jiransa, kwanaki kuwa na tafiya. Na taya shi kwana biyu. A na uku ƙafafuna suka ƙi. Na same shi yana ɗaura rawani zai fita, na ce masa:

"Yaya, ka rufa wa kanka asiri. Ruwan nan ba mu za mu sha ba. Salla na wucewa za mu bar unguwar nan."

Ya ce, "Wani zai sha, Isufu."

Ya ɗaga buruwet ɗinsa ya tafi.

Ran sha bakwai gibli ta taso. Sama ta yi ja, rana ta koma kamar tasar tagulla, ana iya kallonta da ido. Yashi a haƙori, a kunne, a cikin burodi. Numfashi ma ƙona hanci yake. Fitsarin mutum ya koma launin shayi, ɗan kaɗan, da raɗaɗi. Mutum biyu a cikinmu suka karya azumi a bayan duro, muka yi kamar ba mu gani ba. Na roƙi Yaya ya bari iskar ta wuce. Ya ce saura bututu tara a kai kusurwar masallaci, in an kai can zai huta.

A rana ta uku da tasowar iskar muna kwance a gindin bango, na lulluɓe fuska da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙafar buruwet ɗin tana da wani kuka da ake ji daga nesa. Na ji kukan ya tafi, ya dawo. Ya sake tafiya, ya dawo. Ya tafi na uku. Na saurara, ban ji dawowarsa ba. Na san an daɗe. Na ce a raina bari in ɗan ƙara kwanciya, yanzu zan ji shi. Ban tashi ba sai da aka kira azahar.

A rabin hanya na same shi, zaune a ƙasa, ya jingina da buruwet cike da yashi. Jikinsa zafi kamar bututun da muke ɗauka, kuma a bushe, ko ɗigon gumi babu. Idonsa a buɗe, yana maganar awaki, wai a kore su daga gonar Baba. Na ruga na kira sauran, muka ɗebo ruwa muka zuba masa a ka da ƙirji. Na kai kwano bakinsa ya datse haƙora, ya tambaye ni ko rana ta faɗi.

Na ce, "Ta faɗi, Yaya. An yi kira. Sha."

Rana na tsakiyar ka. Ya yi bisimilla ya kurɓa, ruwan ya dawo ta gefen baki. Mai gidan burodi ne ya ɗauke mu a bayan motarsa zuwa asibiti, kan Yaya a cinyata. Bai kai magariba ba. Washegari da safe mutanen unguwa suka taru suka yi masa salla tare da mu, aka kai shi makwancinsa. Daga can muka koma bakin rami, don Mu'allim ya ce ko yini ɗaya ba mu da shi na zaman makoki.

Yashinsa ya ƙare saura bututu uku a kai kusurwar masallaci. Daga nan zuwa ƙarshen layi, a kwana huɗu muka gama. Muka yi ta jefa bututu kan tsakuwa da dunƙulen gishiri, jikinsu duk ƙujewa kamar an yakushe, ba kwalta ba komai. Ni na fara watsa ƙasa a kan na farko. Ban san da wa nake fushi ba, da shi, ko da yashin, ko da kaina. Na dai yi ta watsawa har pelu ya saluɓe mini tafin hannu. Manyan suka zo suka taka layin da takalmansu masu ƙyalli, suka gyaɗa kai, suka shiga mota. Ran jajibirin salla aka saki ruwa. Mata suka yi ta guɗa a cikin gidaje, aka fito ana wanke ƙofofi. Da aka sha ruwa na tara hannu a famfon gidan burodi na sha. Sanyi gare shi, garau, kamar ruwan sama na farko.

Ni da na ce salla na wucewa za mu bar unguwar, ni ne ban tafi ba. Sauran suka watse, wasu arewa, wasu gida. Na koyi gyaran famfo, na je gida na yi aure na dawo, na yi ta zuwa ina dawowa, har gwiwa ta hana ni shiga rami aka ba ni gadi. Shekarun farko ruwa ba ya ɗaukewa, mutane har suka shuka inabi a tsakar gida. Daga baya layin ya fara fashewa a bayan masallaci, kuma sau da yawa ni ake kira in ɗaure shi da roba da ƙarfe. Masu gida su ce ƙarfen zamanin da ne ba shi da kyau. In ce musu haka ne.

Muhandis Abdussalam ya zo ya ɗauke ni ranar da ake sakin ruwa, da tsakar rana, lokacin da gari ke barcin zafi, ba mota ba ƙarar walda. Ya ce sai da shiru ake jin bututu. Yana da na'ura mai abin sawa a kunne, amma zafi ya kashe batirinta kafin mu yi nisa, sai ya koma ga wata sandar ƙarfe mai kan katako. Ya kafa tsininta a ƙasa, ya ɗora kunne a katakon, ya rufe ido. Ni ina gaba ina nuna masa: nan ya bi, nan ya karkata saboda dutse, nan akwai mahaɗi. Gidan burodin yanzu shagon salula ne. Inda Yaya ke ɗebo yashi benaye ne. Amma ƙafata ta san hanyar.

Daga tsohon gidan burodi har kusa da masallaci bai ji wata ƙara ba. Muna gota wurin ya tsaya, ya daɗe yana saurare, sannan ya miƙo mini sandar. Na ɗora kunne. Ƙara ce kamar ana suyar albasa a gidan maƙwabta. Muka ƙara taku goma, ita ce. Goma kuma, ita ce dai. Ya yi ta fesa jan fenti a ƙasa har gwangwanin ya ƙare.

Rami biyar kawai aka ba shi damar haƙawa a unguwar duka, don motar haƙa ba ta da mai. Leburori biyu gare shi, mutanen Maradi masu neman guzurin wucewa arewa, da diga da pelu irin namu na da. Washegari suka buɗe na bayan masallaci. Tun ba su kai ƙugu ba ƙasar ta koma baƙar laka, warin ya sa 'yan kallo ja da baya. Ramin masai na gidan da ke gefe ya daɗe yana tsiyaya a wurin. Da bututun ya bayyana sai na ga kamar lafiyarsa lau, ko lotsawa bai yi ba. Muhandis ya sauka, ya zaro wuƙar aljihu, ya danna. Wuƙar ta shige kamar a sabulu. Ya yanko guntu ya miƙo mini, na murza, ya zama baƙin gari a yatsuna kamar gawayi. Ya ce gishiri ya tsotse ƙarfen ya bar siffarsa kawai. A ƙarƙashi, inda ya kwanta kan tsakuwa, huda ce a jere, wasu har yatsa na shiga.

Ya yi wa mutane bayani da Larabci, ni ma ina ji. In an saki ruwa, bututun na zubarwa waje. In an ɗauke, sai ya zuƙo abin da ke kewaye da shi ya ajiye a ciki, ranar da aka sake saki ya kai wa mutane har gida. Mai gidan da ke gefe, wani dattijo mai dogara sanda, ya ce jikarsa 'yar shekara biyu ta yi kwana takwas a asibiti watan jiya da amai da gudawa, da ƙyar ta tashi. Wani ya ce nasa ma haka. Wata mata daga bayan ƙofa ta ce na maƙwabciyarta, bara, bai dawo ba.

Na jira mutane suka watse. Muhandis na zaune a bakin rami yana rubutu a kan gwiwa. Na tsuguna kusa da shi na gaya masa duka: motar yashi, kwalta, Yaya da buruwet ɗinsa, da wanda ya fara watsa ƙasa. Shekara arba'in ban faɗa wa kowa ba, ko matata, amma faɗar ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Bai ɗago ba sai da na gama. Ya tambaye ni daga ina zuwa ina, daidai, ya rubuta. Sannan ya ce:

"Ammi, shekara arba'in. Ƙarfe ya gaji. Ko da yashi, ko babu yashi."

Na san tausaya mini yake. Na ce ban yarda ba, ya haƙa gaban tsohon gidan burodi ya gani. Ya ce ramukan nan biyar an riga an raba su, can kuma bai ji ƙara ba, ba dalilin haƙawa. Na ce masa dalilin nawa ne. Ya dube ni, ya dubi takardarsa, ya soke wani wuri da biro.

Da safe aka buɗe. Ƙasar sama fari-fari da gishiri, kamar ko'ina. Da aka kusa ƙirji sai ƙarar pelu ta canza, ta yi laushi. Ga yashi, rawaya, busasshe, tas kamar jiya aka juye shi. Na ce su dakata. Suka riƙe ni na sauka, gwiwa na ƙara, na share da hannu. Kwaltar na nan, baƙa wuluk, har da sawun tsumman da aka shafa ta, layi-layi, an bi kowace ƙujewa an zarce ta kaɗan. Muhandis ya sauko ya danna wuƙa, ta zame. Ya ƙwanƙwasa da guduma, ƙarfen ya amsa garau. Na zauna a cikin ramin, iska na zubo mini ƙura a wuya, leburorin suka juya baya suka ba ni wuri.

Duk da haka bai ƙyale shi ba, aikinsa ne. Ya kwance wani tsohon mahaɗi ya haska ciki da tocila. Tsatsa ta yi ƙululai ta ciki, hanyar da ta rage dunƙulen hannuna ba zai wuce ba. Ya ce wannan aikin ruwan ne da kansa, ba mai hana shi, amma ba abin da ke shiga daga waje. Ya rubuta cewa wannan zai iya ƙara wasu shekaru. Na bayan masallaci kuwa a cire shi yanzu, kafin komai.

Na tambaye shi yaushe ne yanzun. Ya rufe littafin, ya ce shi rubutawa ce tasa, kuma wannan ba ita ce unguwa ta farko da ya rubuta wa haka ba. Sabon bututu bai iso ba, bai san ranar isowarsa ba. Abin da ke hannunsa roba ce da ƙarfen ɗauri. Da su aka ɗaure manyan hudojin bayan masallaci, a hankali, don in an matsa da ƙarfi bututun marmashewa yake. Daga nan muka bi layin gida-gida, shi da Larabci, ni da Hausa a ɗakunan haya, muna cewa kada a ba yara ruwan famfo sai an tafasa. Wata 'yar Damagaram mai tuyar ƙosai ta tambaye ni da me za ta tafasa, alhali tulun gas ya yi mako uku ba ya samuwa. Na ce ta yi ƙoƙari.

Yaya Lawali ya bar 'ya guda, Rakiya, wadda aka haifa wata huɗu bayan fitowarmu, bai taɓa ganinta ba. Yanzu ita ma tana da jikoki a ƙauyenmu. Mukan gaisa a salula da salla. Da yammar ranar na kira ta. Bayan gaisuwa na ce mata yau na ga aikin mahaifinta da idona, na taɓa da hannuna, injiniya ya buga ya ce yana nan daram. Na ba ta labarin yashin iya yadda zan iya. Ta saurara, ina jin ƙarar daka a bayanta. Ta yi masa addu'a, sannan ta ce:

"Baba Isufu, to kabarinsa fa? Kusa yake da wurin? In ka je ka ɗauko mini hotonsa, in nuna wa yara."

Ranar da muka binne shi duwatsu biyu muka kafa, ba rubutu, kamar na kowa. Na koma sau biyu a shekarar farko. Daga nan na riƙa cewa sai mako mai zuwa. Da na tashi zuwa, bayan wasu shekaru, maƙabartar ta ninka, yashi ya haɗiye wasu duwatsun, an kafa sababbi a tsakaninsu. Na yini ina zagaye ban gane wurin ba.

Ta ce, "Baba, kana ji na?"

Na ce ina ji. Na gaya mata ban san inda yake ba.

Na duba ko layin ne ya yanke. Can ta ce ba komai, Allah ya san inda yake. Ta ce to ramin nan da aka buɗe, in ba a rufe ba tukuna, shi in ɗauko mata.

Leburorin sun ce da sassafe za su mai da ƙasa. Salulata ba ta ɗaukar hoto. Na ja ƙofar shago na kulle, na ari ta maƙwabcina mai walda, ya nuna mini inda ake dannawa har sau biyu. Na ɗauki sandata na kama hanya tun da sauran haske.